Alƙali ne ya faɗa da bakinsa

Ranar da aka kori ƙarar Kawu, da murna ya dawo gida. Na same shi a zaure bayan la'asar, ya cire hula ya kifa a gwiwa, yana ɓare goro yana miƙa wa duk wanda ya yi sallama. Shari'ar wata gona ce da gari ya cim mata har ta koma filaye, tsakaninsa da magadan mutumin da ya sayar masa tun muna yara. Alƙalin ya ce kotunsa ba ta da hurumin sauraron maganar, a tafi babbar kotu. Amma kafin ya rufe fayil sai ya ɗaga takardar cinikin Kawu, wata tsohuwar takarda da ajami wadda ninki ya cinye tsakiyarta, ya ce shi dai a ganinsa wannan ba ta yi kama da ta jabu ba. Wannan jimla guda Kawu ya ƙunso ya kawo gida, sauran bayanin kuwa ya bar shi a kotu.

Ƙanena, wanda bai daɗe da zama lauya ba, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya sassauta murya ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba a ba ku gonar nan ba fa. Abin da ya faɗa a kan takarda obiter ce."

"Wane Obi kuma?" in ji Kawu. "Alƙali ne ya faɗa da bakinsa, ina zaune, kunnuwana biyu. Kai da aka raɗa maka suna a gabana za ka ce mini ba haka ba?"

Dariya muka yi a lokacin. Daga baya ne na koma ina bin diddigin kalmar, kuma tun daga nan nake ganin irin kuskuren Kawu ko'ina na juya, har a wurin masu digiri.

Cikakkiyar maganar ita ce obiter dictum, kuma harshen Latin ce, yaren mutanen Rum na da. Dictum ta fito daga dicere, wato faɗa. Ma'anarta abin da aka faɗa, shi ke nan; jam'inta dicta. Obiter kuwa haɗin ob ne da iter, hanya, ma'ana a kan hanya, a wucewa. Maganar da mutum ya yar a gefen hanya ke nan yana kan tafiya zuwa wani wuri. Idan Bature ya ce dictum na wani a yau, yana nufin magana mai nauyi daga bakin wanda ake jin maganarsa, irin wadda ake kafa hujja da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan nauyin babu shi a cikin kalmar tun asali. Rumawa sun kira umarnin shugaba dictum, sun kira barkwancin mai ban dariya dictum, sun kira karin magana dictum. Mai rubuta wasan kwaikwayo Terence, fiye da shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ita ya yi amfani inda ya ce babu wata magana da ake faɗa yanzu wadda ba a riga an faɗe ta ba. Kalmar ƙwarya ce kawai; abin da aka zuba a ciki shi ne ke da nauyi ko ya rasa.

Dangin kalmar sun fi ta bayyana wannan. Masana harshe sun ce tushenta na can baya yana nufin nuni ne, shi ya sa Rumawa ke kiran yatsa manuniya index. Alƙali a wurinsu iudex ne, mai nuna doka da baki. Hurumin nan da ya kori ƙarar Kawu, iuris dictio ne, ikon faɗin doka. Sanarwar da babban jami'in shari'a yake kafewa a farkon shekararsa ta aiki, edictum. Waɗanda suka yi wayo a zamanin mulkin soja a Najeriya za su tuna cewa dokar gwamnatin tarayya Decree ake ce mata, ta gwamnan jiha kuma Edict, to ga inda aka samo ta. Sai kuma babban yayansu, dictator. A Rum ta farko wannan ba zagi ba ne, muƙami ne da ake naɗa mutum a kai idan yaƙi ko fitina ta taso, maganarsa ta zama doka, amma na wata 6 kacal. Labarinsu na gargajiya ya ce a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa an je an sami Cincinnatus a gona yana huɗa, aka naɗa shi, ya ci yaƙi, cikin kwana 16 ya ajiye muƙamin ya koma kan garmarsa. Kafin naɗi maganarsa ta manomi ce, bayan ya sauka ma ta manomi ce. Bakin bai sauya ba, kujerar ce ta sauya. Julius Kaisar da ya karɓi muƙamin na har abada a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, bai kai ƙarshen watan Maris na wannan shekarar ba aka soke shi da wuƙaƙe.

Ra'ayina ke nan a gajarce: babba yana da baki ɗaya amma maganganunsa ba daraja ɗaya gare su ba, kuma jama'ar da ba ta iya rarrabe su ba, duk mai son juya ta ya samu linzami.

Rumawan ma da kansu sun faɗa wannan rami. Cicero, lauyansu da ya fi kowa suna, a wani littafi da ya rubuta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa ya yi ƙorafi kan almajiran Pythagoras, wani malamin falsafa na Girka, waɗanda in an tambaye su dalilin wata magana sai su ce ipse dixit, shi da kansa ya faɗa. Ya ce a wurin muhawara ƙarfin hujja ake nema ba girman mai magana ba, har ya ƙara da cewa sau da yawa kwarjinin malami shi ke zama shinge ga mai neman sani, domin yakan daina amfani da hankalinsa. Ka ji fa, "Malam ne ya faɗa" ba a tsangayarmu aka fara ta ba. Bayan Cicero da kusan shekara 470 abin ya kai inda sarakunan Rum suka yi doka, a 426 Miladiyya, cewa maganar manyan masana shari'a biyar da suka daɗe da mutuwa ita alƙali zai bi: Papinian, Paulus, Ulpian, Modestinus da Gaius. In sun saɓa, a ƙirga kawuna a bi mafi rinjaye. In an yi kunnen doki, a bi ɓangaren da Papinian yake. Alƙali ya koma mai ƙidayar ƙuri'un matattu.

Wanda ya ɗan zauna gaban malaman fiƙihun Malikiyya zai ji wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai su sun fi Rumawan taka-tsantsan. Suna da ƙauli mashhuri, wanda a ɗaya daga cikin fassarorinsa shi ne wanda masu faɗarsa suka yi yawa, suna kuma da rajihi, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, sannan ga la'ifi. Har sun yi ta tattauna wanne za a gabatar idan mashhuri da rajihi suka yi karo. Mutanen da suka ware wa magana matakai haka ba za a ce sun ɗauki duk abin da ya fito daga bakin malami daidai wa daida ba.

Lauyoyin Ingila, waɗanda muka gaji tsarin kotunansu, ta wata ƙofa suka ɓullo wa matsalar. A tsarinsu hukuncin kotun sama yana ɗaure ta ƙasa, to dole a san wane ɓangare na hukuncin ne ke ɗaurewa, tunda alƙali na iya rubuta shafi ɗari. Sai suka raba shi biyu. Akwai ratio decidendi, dalilin da aka gina hukuncin a kansa, wanda in ka zare shi ginin ya rushe. Duk abin da ya rage obiter ne: misalin da alƙali ya buga, nasihar da ya yi, abin da ya ce da zai yanke da lamarin ya zo ta wata fuska. Na farkon tilas ne a bi shi, na biyun ana saurarensa ne gwargwadon ƙarfinsa. Kuma ba raini ne ya kawo wannan rabon ba. Babban alƙalin Amurka John Marshall ya yi bayaninsa a wata shari'a a 1821: maganar da ke gaban kotu ana bincikenta da kyau a duba ta ta kowace fuska, amma sauran ƙa'idojin da aka jawo don ƙarin haske ba kasafai ake bin duk inda za su iya shafa ba. Haka abin yake a shari'ar Kawu. Babu wanda ya kawo shaida a kan takardar nan, magada ba su samu damar ƙalubalantarta ba, ba a kira mai karanta ajami ba. Alƙalin ya ɗaga ta ne ya duba kamar yadda ni da kai za mu duba.

Mun ga irin wannan a fili a Kano. A watan Satumban 2023, kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamna ta soke ƙuri'u fiye da 165,000 bisa cewa ba su da hatimi da sa hannu, kuma wannan shi ne ginshiƙin hukuncin. Amma abin da ya cika wayoyin mutane kwana da kwanaki shi ne kalamai masu zafi da ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta game da masu jar hula. Ɓangare ɗaya na yaɗa su da murna wai kotu ta tabbatar, ɗaya ɓangaren na yaɗa su da fushi. Babu abin da kotu ta tabbatar a nan, domin ba a gurfanar da hula a gabanta ba. Da Kotun Ƙoli ta zo rufe shari'ar ranar 12 ga Janairun 2024, ƙuri'un nan da batun ko gwamnan ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi ne ta duba, ta mayar da ƙuri'un. Ko kana wane ɓangare, abin da ya yanke makomar kujerar daban, abin da ya tayar da jijiyoyin wuya daban.

Kada a ɗauka ina cewa maganar gefen hanya shara ce. Wani lokaci ita ce ke yin tsawon rai. A 1937 wani kamfani ya karɓi hayar wani benen gidaje a Landan mai suna High Trees kan fam 2,500 a shekara. Yaƙi ya ɓarke, mutane suka watse daga birnin, sai a 1940 masu gida suka yarda a riƙa biyan rabi. Zuwa 1945 gidajen sun sake cika, masu gida suka nemi cikakken kuɗi na wata 6 na ƙarshen shekarar, kuma alƙali Denning ya ba su a 1946. Iyakar abin da aka tambaye shi ke nan. Amma ya ƙara da cewa da sun nemi cikon kuɗin shekarun yaƙi da bai ba su ba, domin wanda ya yi alƙawari ya san za a dogara da shi, aka kuma dogara, ba shi da damar janyewa. Wannan ƙarin, wanda ba wanda ya roƙe shi, shi ne yau ɗaliban lauya ke haddacewa daga Landan har Zariya. Me ya raya shi? Denning a lokacin sabon alƙali ne a babbar kotu, ba shi da ikon ɗaure kowa da wannan magana. Alƙalan da suka biyo baya ne suka auna ta suka ga tana da ma'ana, suka ɗauka. Da hujjarta ta shiga, ba da rawanin mai ita ba.

To mu dawo gida, inda abin ya fi damuna. Malamanmu na Musulunci sun daɗe da wannan rabon ta tasu hanyar. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, littafi guda ya rubuta don bambance fatawa da hukuncin alƙali: fatawa bayani ce, hukunci kuwa tilastawa ne. Shi ne kuma ya gargaɗi mai fatawa cewa in baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya ba shi amsa da al'adar garinsa, ya fara tambayarsa al'adar inda ya fito. Ma'ana amsar da aka ba wani a kan halinsa ba lalle ta zama taka ba. Ga kuma maganar nan da ake jingina wa Imamu Malik, cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa da ita, in ban da mai wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah (SAW). Da wannan gado a hannunmu, yaya aka yi muka koma inda bidiyon daƙiƙa 30 ke raba zumunci? Malami ya yi karatun awa biyu, a tsakiya ya yi raha, ko ya amsa tambayar wata mata a kan matsalarta ita kaɗai, ko ya faɗi ra'ayinsa kan farashin mai. Wani ya yanko wurin, ya manna hotonsa, ya sa a TikTok da Facebook, kafin magariba an raba gari biyu: masu cewa Malam ya halatta da masu cewa Malam ya ɓata. Ba wanda ya tambayi abin da ake karantawa a ranar, balle tambayar da aka yi masa.

Haka muke yi wa likita in ya yi maganar siyasa, da farfesan lissafi in ya yi maganar magani, da attajiri in ya yi maganar komai. Mun ɗauka ilimi kamar turare ne, in ya taɓa hannun riga ya kama duk jiki.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Za a ce talaka mai neman abin sawa a baka ba shi da lokacin auna hujjar kowace magana, dole ya sami wanda zai yarda da shi ya bi. In kuma aka ce kowa ya zama alƙalin kansa, an buɗe ƙofar da kowane mai waya zai yi wa malamai rashin kunya. Na yarda da rabin wannan. Ni ma ba na auna maganin da likita ya rubuta mini, shan sa nake yi. Amma ina sha ne domin ya duba ni, a ɗakin duba marasa lafiya, a kan ciwon da na kawo masa. In mun haɗu a wurin ɗaurin aure ya ce ai zogale na maganin kaza, wannan hira ce, ko da shi ne shugaban likitocin duniya. Babba ma da ya hango abu, ta inda ya fuskanta ya hango. Bayansa ba shi da ido. Abin da nake nema ba ya buƙatar digiri: wa ya faɗa, fanninsa ne, kuma ita ce maganar da ke gabansa ko a wucewa ya taɓo ta? Mai sayen goro ma yakan tambayi na ina ne kafin ya taya. Kuma ina ganin wannan ya fi zama girmamawa ga babban da kansa, domin babu zaluncin da ya kai a ɗauki hirar mutum a mayar da ita fatawarsa, a yi ta faɗa da sunansa alhali yana gida yana barci.

Akwai ma tambayar da ke gaban waɗannan duka, wato ko shi ɗin ne ya faɗa. Maganganun manya tafiya suke yi, suna sauya riga a hanya. Littafin farko mai ɗauke da kwanan wata da aka buga a Ingila, wanda William Caxton ya fitar a 1477, tarin zantukan masu hikima ne, kuma kalmar dictes da ke cikin sunan littafin daga dictum ɗin nan ta fito. An fassaro shi daga Faransanci, na Faransanci daga Latin, na Latin daga Sifaniyanci, shi kuma daga Larabcin wani malamin Masar na ƙarni na 11, al-Mubashshir ibn Fatik, wanda ya tattaro abin da ake jingina wa su Socrates da Aristotle na Girka. Harshe nawa ke nan kafin magana ta iso kunnen mai karatu? A nan gida ma, lauyoyinmu na son ambato maganar Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ta 1989, cewa Kotun Ƙoli ba don ba ta kuskure ta zama ta ƙarshe ba, zamanta ta ƙarshe ne ya sa ake ɗaukarta marar kuskure. Magana ce mai kyau, amma alƙalin Amurka Robert Jackson ya riga shi faɗarta tun 1953. Terence dai bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da Oputa ya biyo da shi, cewa alƙalan kotun mutane ne, suna iya kuskure. Wannan ɓangaren ba a cika yaɗa shi ba.

Kawu bai shigar da ƙara a babbar kotu ba sai bayan damina biyu. Duk lokacin da ƙanena ya tayar da maganar sai ya ce gaggawar me ake yi, ai alƙali ya riga ya gani. Kafin nan magada sun yanka gonar sun sayar, wani ya zagaye nasa da bulo har ya kafa ƙofar ƙarfe mai ruwan toka. Shari'ar tana nan ana ta ɗage ta. Takardar ajamin kuwa an manne ta cikin leda, tana ƙasan akwatinsa tare da fasfon aikin Hajji. Ranar Juma'ar da ta wuce na raka shi ganin wurin, ya tsaya a bakin katangar ya nuna mini da sanda inda tsamiyarsa take a da.